Wayar Inna Indo Ta Daina Gaida Ƙarfen Kiyawa

An sace zuciyar wayar Inna Indo. Da wannan maganar Baffa Abdulwahab ya yi min sallama a shagona na gyaran waya a Dutse, ranar wata Juma'a da safe, ko zama bai yi ba. Na ɗago ina shirin dariya, na ga babu wasa a fuskarsa, sai na haɗiye abata.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma bin sawu ce sana'arsa. Daga Buji har Ringim, duk wanda aka kore wa shanu ko aka yashe wa rumbu, shi ake nema. Zai tsaya ya zuba wa ƙasa ido, ya yi shiru har ka fara zaton barci yake a tsaye, sannan ya kama hanya bai ce wa kowa ya biyo shi ba. Tun ina yarinya nake masa tsiya cewa aljanu ke raɗa masa, shi kuma ya ce ai ni ce babbarsu.

"Zulfa, tattaro ƙarafunanki," ya ce. "Mai unguwar Kwarin Gauta ya kira ni a kan sata. Na je na duba, abin da aka ce an sata ba shi da ƙafa. In an sauko daga masallaci za su miƙa wani bawan Allah ga 'yan sanda."

"Wace irin waya ce da har take da zuciya, Baffa?"

"Wadda Muslim ya haɗa wa uwarsa."

Na ajiye abin da ke hannuna. Ni da Muslim ajinmu ɗaya a makaranta, kuma shi ya fara nuna min irin wayar da ba a kulle cikinta ba. Manhajarta a buɗe take, duk mai sani zai karanta ya gyara ya canza yadda yake so, jikinta kuma babu gam, noti ne kake kwancewa. Masu irinta a ƙasar nan ba su da yawa, shi ya sa babu mai gyaran da zai taɓa ta sai ni. Aiki ya kai Muslim can kudu, wajen iyakar Kamaru, ya bar uwarsa da matarsa a ƙauye. Kowace Juma'a bayan la'asar yake kiran tsohuwar, kuma ba ta da wani ɗa sai shi.

Na rufe shago na bi Baffa.

* * *

Mota ta sauke mu a hanyar Kiyawa, sauran tafiyar muka yi a ƙafa. Damina ta zauna sosai. Gero ya kai ƙugu, duwatsun nan namu sun sha ruwa sun yi baƙi wuluk, gajimare yana jan jiki a kansu bai gama shawarar inda zai zuba ba. Babu iska, babu motsi, sai kukan kurciya daga wani wuri da ba ka gani. Baffa yana gaba, kansa a ƙasa, ni ina bayansa da jaka, har na fara jin kamar a cikin barcin rana nake tafiyar.

Kwarin Gauta a cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, sabis ba ya sauka. Mai son kira sai ya hau dutse ya ɗaga waya sama yana juyi. Inna Indo kuwa, da ciwon ƙafa da hawan jini, ita da hawan dutse sai dai kallo. Shi ya sa Muslim ya ɗaure eriya a ƙolin dabinon ƙofar gidansu, ya jawo igiyarta ta kan katanga har ɗakin uwarsa, ya yi wa wayar 'yar kafa a baya inda ake jonawa. Da an jona, sai wayar ta hango ƙarfen sabis na Kiyawa.

Mun tarar da mutane a gindin dabinon, kowa da tasa. Wannan ya ce tun da aka kai ta caji ranar Talata ba ta ƙara magana ba. Wancan ya ce ai akwai wani abu mai tsada a cikin irin waɗannan wayoyi, cirewa ake yi a kai Kano. Duk maganar a kan mutum ɗaya take sauka, Nasrullahi mai caji, wanda ba haifaffen garin ba ne. Wannan ma kaɗai ya ishe shi laifi a wurinsu.

Baffa ya tsaya a zaure. Ni na shige ciki.

* * *

Inna Indo tana zaune a bakin gado, wayar na gefenta a kan faifai, an lulluɓe ta da hankici. Tsohuwa ce ƙarama mai tsabta, ta sha kwalli, carbi a hannu. Muka gaisa.

"'Yar nan, ke ce mai gyaran? Yau Juma'a ce, yaron nan zai kira bayan la'asar. Ni ban ce a daki kowa ba. A dai nemo min ɓarawon ya dawo da abin da ya cire."

"Inna, ba lalle sata ce ba, wani lokaci..."

"Ɓarawo ne," ta ce, ta ja carbinta. "Ku nemo shi."

Fiddausi, matar Muslim, ta kawo min ruwa. Bara aka kawo ta gidan. Ta durƙusa ta ajiye kwanon, mayafi ya rufe mata rabin fuska, ta gaishe ni ciki-ciki ta fita ba ta ɗago ba. Na ce a raina, wannan kunya har ta yi yawa.

A cikin kowace waya akwai wani ɗan allo da ake kira modem, shi ne bakinta da kunnenta. Aikinsa ya nemi ƙarfen sabis mafi kusa, ya yi masa sallama, ya faɗi layin da yake ɗauke da shi. In ƙarfen ya amsa, an yi rajista ke nan, sai ka ga sandunan sabis sun miƙe a fuskar waya. Wani lokaci ya yi ta sallama babu mai ji, to wannan eriya ce. Wani lokaci a ji shi sarai a ƙi amsawa, to layi ne, ko an rufe shi ko ba a haɗa shi da katin ɗan ƙasa ba. Mafi muni shi ne wayar ta laluba jikinta ta rasa modem ɗin gaba ɗaya.

Na jona ta da kwamfutata na tambaye ta halin da take ciki. Ta ce ba ta ga modem ba. Na sake tambaya, amsar ke nan.

"Ikon Allah, babu modem," na faɗa a fili. Bakina ya riga hankalina. Matan da ke leƙe a bakin ƙofa suka kwashi maganar da zafinta, kafin in rufe kwamfuta duk garin ya ji cewa mai gyara ta tabbatar an sace.

* * *

A zauren mai unguwa aka zaunar da Nasrullahi. Dogo ne, siriri, ya kai shekara arba'in, ya haɗa gwiwoyinsa da hannu yana kallon bango. Baffa ya zauna kusa da shi ya tambaye shi iyali da damina, sai ka ce hira ta kawo shi, sannan ya ce bari ya ga takalminsa. Ya juya shi ya daɗe yana kallon ƙasansa.

"Yaushe ka mayar da wayar?"

"Talata, Baba, kafin azahar. Da hannuna na kai, na miƙa wa amaryar a zaure. Hadari ma na haɗuwa."

"Ka buɗe ta?"

"Wayar da ban san kanta ba? Igiya kawai nake sa mata a sola."

"An ce Laraba an gan ka a hanyar Kiyawa da wani ɗan ƙulli a hannu."

Nasrullahi ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Fis ɗin sola ne ya ƙone, na kai a ba ni irinsa. Baba, shekara nawa ina riƙe wa mutanen nan wayoyi da fitilu? Ko batir ban taɓa canza wa wani ba. Yau 'ya'yana ko ƙofar gida sun kasa fitowa."

Da muka fito na tambayi Baffa abin da ƙasa ta ce.

"Ruwan Talata ya share min komai," ya ce. "Abin da aka taka bayan ruwan kawai nake da shi, kuma sawunsa ba ya ciki. Wannan bai wanke shi ba, bai kama shi ba. Ki koma ki tambayi abarki, tunda ke take wa magana."

* * *

Na shimfiɗa zani a tsakar gida na cire murfin wayar. Muslim yana da wata ɗabi'a, duk notin da ya ɗaura sai ya ɗiga masa koren fenti. Notinan da ke riƙe da marfin modem suna nan da fentinsu, ko tsagewa bai yi ba. Na kwance da kaina. Ga modem kwance a mazauninsa, babu tabon ruwa, babu ƙauri, 'yar igiyarsa a jone.

To, ba a sace ba. Sai na ce ko ya mutu ne. Na mayar na kunna wayar, na tashi manhajar da ke kula da shi, na umarce ta ta ba shi wuta. Shiru. Na kashe na kunna, na cire layin na goge na mayar, na sa nawa layin ma don kada in zalunci na Inna. Shiru dai. Rana ta fara dukan ƙeyata, raina ya fara ɓaci, na ce wa wayar wasu maganganu da ba zan maimaita su ba.

Irin wannan wayar ba ta ɓoye maka abin da ta yi jiya da shekaranjiya, in ka iya tambaya. Na bi baya ina dubawa. Gaisuwarta ta ƙarshe da ƙarfen Kiyawa ranar Talata ce, bayan azahar, kuma an amsa mata lafiya lau. Daga nan sai ɗif. Modem mai shirin mutuwa yakan yi ta fama, ya ɗauke ya dawo, ya yi ƙorafi. Wannan ko tari bai yi ba.

Na leƙa zaure na gaya wa Baffa. "A garin nan babu inda za ta gaisa da Kiyawa sai a jikin igiyar dabino. Ke nan lafiyarta ƙalau ta dawo daga hannun Nasrullahi, har ta yi aiki a ɗakin Inna."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Riƙe wannan a bakinki tukuna, in zai riƙu. Zo ki ga wani abu."

* * *

A gindin dabinon, ta bayan inda mutane suka tattake, akwai ramuka biyu na ƙafar tsani, da sawun takalmi mai faɗi da ya zo daga wajen masallaci ya koma. Baffa ya bi shi, ni na bi Baffa, har ƙofar Malam Saifuddeen, limamin garin, mai makarantar Islamiyya. Yana shirin Juma'a, ya sha farar riga da turare, idanunsa rangaɗau da kwalli. Mutane sun riga sun shaida mana cewa ya taɓa yin wa'azi a kan wayar nan.

"Na yi, ba na musu," in ji shi. "Mata sukan taru a ɗakin Inna kowa na jiran a ara mata ta kira nata, karatu yana wucewa. Na faɗa kuma zan sake faɗa."

"Allah ya gafarta malam, me ya kai ka kan dabino?" Baffa ya tambaya.

Malam ya ɗan tsuke fuska, kamar an kama shi da abin kunya. "Iskar Talata ta kwance igiyar, na gan ta tana lilo. Na ce ko ita ce ta hana tsohuwar nan jin ɗanta. Laraba da safe na ari tsani na ɗaure. Da girmana da komai, ina rawar ƙafa a sama. Ban so a sani ba."

Na ce masa ya yi aikin lada, amma ko da igiyar tsinkewa ta yi, wayar za ta ga modem ɗinta, sai dai ta yi ta nema ba ta samu ba. Matsalar ba a kan dabino take ba.

"Ke dai komai na kawo sai ki ce ba shi ba ne," Baffa ya yi min ƙunƙuni.

Har mun juya Malam ya kira ni. "Ke da kike shiga ciki, ki tambayar min Fiddausi ko lafiya. Ita ke biya wa matan aure karatu da yamma. Tun Talata ban ga ƙeyarta ba, ko aike ba ta yi ba."

* * *

Maza suka tafi masallaci, gari ya yi tsit. Inna ta kishingiɗa a ɗaki. Na zauna a ƙarƙashin rumfa da wayar a cinyata, inuwar ganyen dabino tana kai da komo a kan katanga, muryar liman tana zuwa tana ɓacewa. Gyangyaɗi ya fara ɗibata. A tsakanin barci da ido biyu na ga Muslim a ajinmu na da, ya kifa wayar a tafin hannunsa yana nuna min wasu 'yan makunnai a jere a ƙarƙashin murfi, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Yana cewa wannan na kyamara ne, wannan na makirfo, wannan na modem, in ka sauke shi ka yanke masa wuta ke nan, babu manhajar da za ta tashe shi.

Na farka firgigit. Tun da safe na ga wurin, amma Muslim ya manne shi da baƙin salatif don kada wani ya taɓa, na gan shi kwance lafiya na wuce. Na sa farce na ɗaga. Ya taso ba gardama, alamar ba yau aka fara ɗaga shi ba.

Duk makunnan suna sama, ban da na modem. An sauke shi. A jikin farin makunnin akwai ɗan baƙin tabo mai ƙyalli. Na dangwala da ɗan yatsa na murza, na kai kusa da ido. Kwalli ne. Makunnin ya yi wa yatsa ƙanƙanta, sai da tsinke, kuma wanda ya yi aikin tsinken kwalli ya samu a kusa.

Daɗi ya kama ni. Na ɗauko ɗan ƙarfena na ɗora a kan makunnin, turawa ɗaya ta rage Inna ta ji ɗanta. Sai inuwa ta faɗo a kaina. Fiddausi ce da kwanon abinci. Ta ga wayar a buɗe, ta ga inda ƙarfena yake, ta ɗago ta kalle ni karo na farko. Idanunta fari fat, babu ɗigon kwalli, sun kumbura. Mayafin ya zame, kunnenta babu ɗan kunne. Zanen jikinta tsoho ne da ko mai wanke-wanke sai ta yi shawara kafin ta ɗaura, kuma amarya guda ta wuce ta gabana ban ji ƙamshin komai ba. Ta ajiye kwanon ta koma ɗakinta.

Na janye ƙarfen. Na ce wa kaina bari Baffa ya gan shi yadda na same shi, amma gaskiya abin da na gani a fuskarta ne ya hana ni.

* * *

Da aka sauko na tare shi a zaure na nuna masa.

"Kwalli," ya ce. "To ai ga Malam can da shi har kunne."

"Malam ba ya shiga ɗakin Inna, Baffa, wayar kuma tun Talata ba ta fita ba. Mata biyu ne a gidan nan. Mai kwalli a ido barci take yi in ta yi azahar. Ɗayar kuma..." Na faɗa masa abin da na gani, ido da kunne da zane.

Ya tsuguna a bakin zauren ta ciki, inda ƙasa ke da laushi, ya nuna da sandarsa. Sawun ƙaramin silifa ne. Ya taho daga cikin gida har dokin ƙofa, ya tsaya, dunduniya ta nutse kamar an daɗe a tsaye, sannan ya juya. Ga wani a kansa, ga wani a gefensa, duk haka.

"Tun jiya nake kallonsa ban gane ba," ya ce a hankali. "Yana zuwa yana komawa, bai taɓa tsallake ƙofar nan ba tun bayan ruwa. Zulfa, wace mace ce take daina fita, ta ajiye kwalli, ta cire ɗan kunne, duk a rana ɗaya?"

Na san amsar, kowace mace ta sani. Mai takaba ce. Na zauna a ƙasa a wurin, ina jin muryar Muslim a kunnena yana lissafa min makunnai.

"Share fuskarki," Baffa ya ce. "Akwai mutumin da za mu fara fitarwa."

* * *

An taru a gindin dabino. Mai unguwa a kan kujera, Malam Saifuddeen a gefensa, Nasrullahi a tsakiya a kan ƙasa, ga babur ɗin da za a kai shi Kiyawa an riga an tayar an kashe. Baffa ya miƙe ya dogara da sandarsa.

"Ranka ya daɗe, babu abin da aka sata. Abin da kuke cewa an cire yana nan a mazauninsa, 'yata ta gan shi, ni ma na gan shi. Wayar ta dawo daga hannun Nasrullahi da lafiyarta, har ta yi aiki a cikin gidan nan bayan ya tafi. Wanda ya ce ya ga ƙulli, fis ya gani. Malam kuma ya hau dabino ne don ya gyara, Allah ya ba shi lada, ya kuma kiyaye shi da tsani."

Aka ɗan yi dariya, ta mutu nan da nan. Wani daga baya ya ce to wa ya lalata ta.

"Ba a lalata ta ba, kashe ta aka yi, da hannu. Ba sata ba ce, ba mugunta ba ce, kuma sauran maganar ta cikin gida ce. Ranka ya daɗe, a sallami mutane. Malam, kai ka tsaya."

Mai unguwa ya dubi Baffa, ya dubi ƙofar gidan, fuskarsa ta canza. Ya ɗaga hannu, mutane suka fara watsewa suna waige. Nasrullahi bai tashi ba. Ya sa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, babu wanda ya iya kallonsa.

* * *

Aka yi wa Baffa da Malam iso. Suka zauna a ƙasa a bakin ƙofar Inna, ni na shiga na jona wayar da igiyarta na ajiye a kan faifai. Inna ta tashi zaune. Ta dubi liman a ƙofar ɗakinta, ta dubi Baffa da ya kasa ɗago kai.

"Inna," Baffa ya fara, "mun zo ne..."

"Ba sai ka wahalar da bakinka ba, Malam Abdulwahab. Fiddausi, zo nan."

Ta zo ta durƙusa.

"Yaushe?"

"Talata, Inna, ana ruwa. Kina barci wayar ta yi ƙara, na ɗauka. Wani abokin aikinsa ne. Ya ce zazzaɓi ne na kwana biyu, da safen ranar suka kai shi makwancinsa. Ya ce zai sake kira ya yi miki gaisuwa." Ta share ido da gefen mayafi. "Na dube ki, na dubi magungunanki. Irin wannan labarin ba a waya uwa take ji ba, kuma ba a bakin suruka ba. Babba ake samu ya tako ya zauna. Marigayin ne ya taɓa nuna min makunnin, sai na sauke. Na aika Ringim a ce wa ƙaninki, Kawu Ahmadu, ya zo da gaggawa, har yau shiru. Da na ji abin da ake yi wa mai caji, kullum sai na je zaure zan fita in faɗa, sai in tuna ba ni da fita, in kuma tuna in na faɗa kin ji. Ki yafe min, Inna."

Malam yana ta maimaita innalillahi a hankali. Inna ba ta yi kuka ba. Ta kamo haɓar yarinyar ta ɗago fuskarta.

"Tun Laraba na ga idon nan," ta ce. "Ni ma na yi takaba, na san kamanninta. Na gani, na kau da kai, na ce a nemo min ɓarawo. In dai ɓarawo ne, ai yaron nan yana nan, zai kira."

A nan ne nawa kukan ya ƙwace. Na yi kuka don Muslim, na yi don tsohuwar nan da ta kwana uku tana roƙon Allah ya sa sata aka yi mata.

"'Yar nan," ta ce min, "tayar da ita."

"Inna, ko a bari sai..."

"Mutane suna can suna neman yi min gaisuwa. Tayar da ita."

Na tura makunnin sama. Na ɗan jira. Wayar ta laluba ta ga modem ɗinta, ya farka ya fara nema, ya yi sallama ta kan dabino da duwatsu. Kiyawa ta amsa. Sandunan sabis suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar. Sai saƙonnin da suka taru a hanya suka fara shigowa, wannan na bin wannan, wayar tana ta ƙara a kan faifai, babu wanda ya miƙa hannu.

Inna ta jawo kan Fiddausi ta ɗora a cinyarta, ta ce daga yau a ɗakin nan za ta riƙa kwana. Sannan ta ce min in fita in gaya wa Nasrullahi tana neman gafararsa, in ya yafe, ya zo ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane za su fara zuwa.